Gidan da Aka Ce Ana Yawan Mutuwa

Inna ta zo Dubai da ƙafafunta, da jaka cike da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, don a duba mata hawan jini, ta kuma ga inda autarta take zaune. Ni ce autar. Ina aiki a wani ofishin kago, wato jigilar kaya, a unguwar Al Rigga, inda nake cike wa 'yan kasuwar Kano takardun kwantena, ina kuma zaune a Al Qusais, a wani fulat da muke rabawa da wasu mata, can sama, ga lif da ba ya aiki sai ranar da ya ga dama. Washegarin zuwanta ta sa na zaga kantuna neman buta, wai ita ba za ta yi alwala da famfon da ke fesa ruwa kamar yana jin haushin mutum ba. Wannan butar ce ta suɓuce daga hannunta wata safiya, na ji ƙararta daga kicin. Ko da na shiga, ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Asibiti suka riƙe ta har ta farfaɗo. Daga nan likita ya zaunar da ni ya ce nasu aikin ya ƙare, saura jinya mai tsawo: a riƙa juya ta, a ba ta abinci a hankali don kada ta ƙware, a yi mata gashin jiki, a sa ido a kan numfashinta. Jirgi ba zai ɗauke ta a wannan hali ba. Fulat ɗinmu kuwa ko keken marasa lafiya ba ya shiga banɗakinsa. Sai ya ba ni shawarar wani gidan jinyar tsofaffi a nan bayan Al Qusais, mai likita da na'urar numfashi, wanda zan iya takawa da ƙafa idan rana ta yi sanyi.

Duk wanda ya tashi a Kano ya san nauyin wannan magana. Mu ba ma kai uwa gidan tsofaffi, abin Turawa ne, abin da muke ji a rediyo mu kama baki. Yaya, ɗan farin Inna, wanda yake da shagon atamfa a Kano kuma shi ke ɗauke da nauyin jinyar, shi na kira a waya na shaida wa. Da ya gama ji sai ya ce, "To, a kai ta. Amma duk wanda ya tambaye ki, ki ce tana asibiti." Na ce to. Har yau akwai danginmu da suka ɗauka a asibiti ta yi zamanta.

Kullum idan na tashi daga aiki sai in biya ta fulat in dama kunun tsamiya, in zuba a fulas, in wuce wurinta. In shafa mata man zafi a ƙafa, in tsefe mata kai, in ba ta labarin wanda kwantenarsa ta maƙale da wanda ya sayi takalma duk na ƙafar hagu. A hankali magana ta fara dawo mata, amma da nauyi, kamar mai tauna goro a kumatu biyu. Wata rana wata tsohuwa da ke gadon kusa da nata ta cika, 'yarta na riƙe da ita tana maimaita mata kalmar shahada. Inna ta bi su da ido har aka ja labule. Sannan ta kama hannuna da hannunta mai lafiya.

Ta ce, "Auta, waccan ta yi sa'a."

Na ce, "Inna, ki bar wannan zance."

Ta ce, "Ba zan bari ba. Ni tafiyar ba ta dame ni ba. Harshen nan ne ya yi nauyi. Kada in tashi tafiya babu mai tuna mini kalma."

Na ce mata ina nan, ina zan je? Na faɗa da ƙarfin gwiwa, don a lokacin ban ga abin da zai hana ni shiga ƙofar da nake shiga kullum ba.

Sai ga korona. Aka rufe filin jirgi, aka rufe masallatai, aka dakatar da jirgin ƙasa, fita ma sai ka nemi izini ta waya. Titin Al Rigga da ba ka samun wurin sa ƙafa ya koma fayau. Ranar da na isa gidan jinyar da fulas ɗina, mai gadi ya tare ni daga nesa da tafin hannu. An hana ziyara, ba dangi, ba abinci daga waje. Abin da ya rage shi ne wata nas ta ɗora wa Inna waya a gaban fuska mu gaisa ta hoto. Inna ba ta taɓa yarda da wannan gaisuwa ba. Sai ta riƙa leƙen bayan wayar tana nemana, ta gaji ta juya kai bango. Na sha kuka a kan wannan juya kan.

Muna da wani guruf a waya na matan Hausawa mazauna Dubai da masu zuwa sari. A da abin da ke cikinsa bai wuce tallan abaya da cigiyar mai komawa gida da za a ba saƙo ba. Da cutar ta shigo sai ya koma gidan makoki. Ka buɗe waya da safe, inna lillahi. Ka buɗe da rana, inna lillahi. Cikin waɗannan sanarwa kuwa sunan gidan jinyar Inna ya riƙa fitowa, don shi ne wanda mutanenmu suka sani. 'Yan tsofaffinmu da ciwo ya ritsa da su a garin, da surukan wasu daga Sudan da Chadi, duk can ake kai su.

Matar Yaya tana cikin guruf ɗin, don ta sha zuwa sarin mayafai. Duk sanarwar da ta faɗo sai ta miƙa masa waya. Shi kuma Yaya, kulle ya zaunar da shi a gida, ba shago, ba majalisa, sai rediyo. A nan ya ji cewa a ƙasashen Turai ana kwatanta gidajen tsofaffi yanki da yanki, a ce na wannan ƙaramar hukuma sun fi na waccan yawan mutuwa. Abin ya shige shi. Mutumin da bai taɓa taka Dubai ba ya zama masanin unguwanninta. Ya kira wani abokinsa mai sito a wajen Dubai Investments Park, abokin ya shaida masa cewa akwai wani gidan jinya a can ɓangaren, kuma tun da aka fara cutar ba a fitar da gawa ko ɗaya daga cikinsa ba.

Ya kira ni da hantsi. "Ke Auta, kina ganin abin da ake turowa kuwa? Unguwar nan taku ta fi ko'ina. Jiya kaɗai mutum uku a gidan da Inna take. Can kuwa wajen su abokina mai sito ko ɗaya babu. Ga shi an ce ma maƙabarta na kusa da ku."

Na ce, "Yaya, maƙabarta ai ba ta kiran mutum."

Ya ce, "Ban kira ki don wasa ba. Ki ɗauke ta ki mayar da ita can. Cikin satin nan."

Raina ya ɓaci, amma ba zan ɓoye ba, tsoro ya fi ɓacin ran yawa. Idan gaskiyarsa ce fa? Idan na bar ta a inda mutuwa ke yawo, alhali ga inda ba ta zuwa? Kuma a gidanmu auta ba ta jayayya da ɗan fari, Inna kanta ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "yayanku". Na ce masa zan je in gano wurin da idona. Shi ya ɗauka na amince. Ni kuwa abin da na faɗa shi nake nufi, zan je in gani.

Kafin izinin fita ya fito, sai na ce bari in sauke nauyin ta'aziyyar mutum ukun nan na jiya, don ba a jin rasuwa a yi shiru, ko da ba ka san mamacin ba. Sanarwa ta farko ta ce gwaggon wata mai sayar da turaren wuta ce ta rasu. Na kira lambar da aka sa, wata mata ta ɗauka, na yi mata gaisuwa, muka yi addu'a. Sanarwa ta biyu ta ce surukar wani Alhaji mai kago. Na kira wanda ya turo, ya ce bari ya ba ni 'yar marigayiyar. Aka miƙa waya, na fara, "Ya haƙuri, ashe Hajiya lokaci ya yi," sai muryar ta ce, "Baiwar Allah, ai ke ce kika kira ɗazu." Kunya ta kama ni. Ta ukun kuwa, wadda aka rubuta Hajiya Babba ta Fagge, ban ma kira ba, na tambayi matar kai tsaye. Ta ce ita ce dai, mahaifiyarta.

Na zauna riƙe da waya, dariya na neman ƙwace mini a tsakiyar makoki. Mu da ba ma kama sunan babba, kowa da inda yake kiran tsohuwa ta nan. Ɗiyar ɗan'uwa ta ce gwaggo, suruki ya ce suruka, maƙwabta su kira ta da unguwarta. Kowa kuma yana ganin haƙƙi ne a kansa ya sanar. Baiwar Allah ɗaya ta rasu sau uku a wayoyinmu, Yaya kuma yana Kano yana ƙirgawa da yatsu. Can wajen Dubai Investments Park kuwa, wa muke da shi da zai turo mana sanarwa? Inda ba ka da kowa, ba ka jin mutuwarsa.

Duk da haka ban yaudari kaina ba. Ko an cire maimaici, ana rasuwa a gidan da Inna take, kuma an ce a wancan ba a rasuwa. Ɗaya ma ai ta fi babu. Don haka da izini ya fito na sa takunkumi da safar hannu, na tari tasi.

Tafiya ce mai nisa, daga wannan bakin gari zuwa wancan. Hanya fayau, ga leda an shinge tsakanina da direba. Muka wuce dogayen gine-gine, muka shiga yankin masana'antu, sito bayan sito duk a garƙame, sai gidajen leburori da wanki a shanye a kowace baranda. Gidan jinyar yana can gefe, sabo fil, da shuke-shuke a ƙofa. Ba a bar ni na shiga ba. Wata mata mai kula da wurin ta fito ta tsaya nesa da ni a inuwa, mai fara'a ce ko ta bayan takunkumi.

Na tambaye ta ko gaskiya ne ba su yi rashi ba. Ta ce gaskiya ne, alhamdulillah, ko mutum ɗaya bai rasu a ginin nan ba. Na ji sanyi a raina, har na fara tunanin yadda za a ɗauko Inna. Sai na ce, to akwai gado kuwa?

Ta ce, "Akwai sosai, habibti. Har ki zaɓi ɗakin da kike so."

Nan na tsaya. A lokacin da duk garin ake neman inda za a kwantar da mara lafiya, ga gida babu wanda ya mutu a cikinsa, kuma ga gadaje babu kowa. Na ce, masu gadajen fa, ina suka tafi? Warkewa suka yi?

Ta ce wasu danginsu sun ɗauke su. Wasu kuma jikinsu ya yi tsanani, su kuwa ba su da likita mai kwana, don haka ƙa'idarsu ita ce da zarar numfashin mutum ya canza, ko zazzaɓi ya tashi, sai su kira motar asibiti nan take.

Na ce, "Suna dawowa?"

Ta ce, "Wasu suna dawowa."

Na ce, "Wa yake bin su a motar?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. Ta ce ai yanzu ba mai bin kowa, asibiti ba a barin dangi ko a bakin ƙofa.

Ban ga laifinta ba, har yau ma ban gani ba. Gaskiya ta faɗa mini, kuma abin da suke yi shi ne daidai ƙarfinsu. Amma ni aikina kago ne. Na san idan kwalin tangaran ya fashe a hanya, siton da aka buɗe kwalin a cikinsa shi ake rubuta wa ɓarnar, wanda ya yi sauri ya tura shi gaba kuwa takardarsa fes. Wannan gida yana tura nasa gaba. Gidan da Inna take kuwa shi ne ƙarshen hanya, shi asibitoci ke maido wa waɗanda aka gama yi musu abin da za a iya. Dole a ji mutuwa a can. Idan na kawo Inna nan, ranar da numfashinta ya canza za a sa ta a mota ita kaɗai, cikin mutanen da ba sa jin Hausa, da harshenta mai nauyi. Abin da ta roƙe ni kada ya faru ke nan.

A bakin titi na kira Yaya, rana na dukana, tasi na jira. Na zayyana masa komai, har da tsohuwar da ta rasu sau uku. Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Ni duk wannan dogon Turanci ne. Abin da na sani, can ana mutuwa, nan ba a mutuwa."

Na ce, "Yaya, nan ma ana mutuwa. A wani ginin dai ake ƙarasawa."

Ya ce, "Wato ke kin fi ni son Inna ke nan?"

Na ce, "Ban fi ka ba. Amma ni ta riƙe wa hannu ta faɗa wa abin da take tsoro. Ba zan ɗauke ta ba."

Tunda nake ban taɓa ce masa ba zan yi ba. Sai ya ce, "Shi ke nan. Amma ki sani, duk abin da ya same ta a gidan nan, a wuyanki yake."

Na ce, "Na ɗauka." Ya kashe waya. Na shiga tasi.

A hanyar dawowa na gane ban gyara komai ba tukuna. Na hana a kai ta inda za ta tafi ita kaɗai, amma a inda take ma ita kaɗai ce, ni ina waje. Saura in shiga.

Shugabar masu jinyar gidan wata Basudaniya ce, doguwa, mai murya kamar ta malamar firamare. Na fara da waya, ta ce an hana. Na samu izinin fita na je ƙofa, ta aiko a ce mini an hana. Na koma washegari. Na sake komawa. Mai gadi ya saba da ni har yana ajiye mini kujera a inuwa. Rannan dai ta gaji ta fito da kanta, ta tsaya daga bakin ƙofa.

Ta ce, "Ke ba kya jin magana ne? Khalas, magana ta ƙare, an ce babu ziyara."

Na ce, "Ba ziyara na zo ba. Jinya na zo. A garinmu duk gadon asibiti akwai tabarma a ƙarƙashinsa, akwai mai kwana a kanta. Ba a barin mara lafiya da baƙi, ko da baƙin sun fi mu iya aiki. Ki rufe ni a ciki tare da ita. Ba zan nemi fita ba."

Ta ce su ma a garinsu haka ne, tabarma da fulas da dangi cike da baranda. Amma nan ba garinsu ba ne, ba kuma garinmu ba. Ta juya ta shige. Na ɗauka ta ƙare, na kuma ƙudura gobe ma ina nan. Da la'asar sai ga wayarta. Ta ce ta yi magana da na sama da ita. Waɗanda jikinsu ya yi nisa, ana iya barin mutum ɗaya ya zauna da su, amma da sharaɗi: a yi mini gwaji, a killace ni a ɗaki ni kaɗai har a tabbatar ba na ɗauke da komai, sannan idan na shiga, na shiga ke nan, ba fita sai ranar da aka buɗe gari ko ranar da zaman ya ƙare. Ta ce in yi tunani, don cutar ta riga ta shiga wani ɓangaren gidan. Na ce na gama tunani tun a tasi.

Saura maigidana na ofis, wani Alhaji ɗan Kano da ya daɗe a unguwar Deira, wanda bizata ke hannunsa. Ya ce, "Yanzu idan kasuwa ta buɗe, kwantena ta fara motsi, ke kina kulle fa?" Na ce, "Sai ka nemi wata, Alhaji, ba zan ce ka jira ni ba." Ya yi tsaki, ya ce 'yan matan yanzu ba a iya musu. Sannan ya ce, "Yalla, je ki. Ki gaishe da Hajiya. Sauran sai Allah ya kai mu." Ban san ko ina da aiki ko ba ni da shi ba, na haɗa kaya a jaka ɗaya, na sa butar Inna a sama.

Ranar da aka fito da ni daga killacewa, aka sa mini rigar leda da takunkumi da gilashin fuska, na zama kamar mai feshin sauro. Na shiga ɗakinta na yi sallama. Ta juyo a hankali. Ta rame, gashinta ya cukurkuɗe.

Ta ce, "Wace ce?"

Na kama ƙafarta na fara matsawa yadda na saba. Ta lumshe ido tana saurare da jikinta. Can sai ta ce, "Auta." Ta ƙara dubana sama da ƙasa. "Kin zo hannu biyu? Ina kunun?"

Na yi dariya har gilashin ya yi hazo, hawaye na zuba ban da damar sharewa.

Zaman bai yi daɗi ba, kada wani ya ɗauka ya yi. Ledar nan zafi gare ta ko da na'urar sanyi. Kwana a kan wata 'yar katifa ce a gefen gado. Ana tura gado a baranda an lulluɓe shi, in san wani ya tafi. Duk tarin da Inna ta yi sai in ce shi ke nan, ta kamu, Yaya ya yi gaskiya. Shi kuwa ya daina kirana, sai dai matarsa ta kira ta ce yana tambaya ya jiki. Amma na ga abin da ba a turowa a guruf. Na ga yadda ake shigo da mutane daga asibiti numfashi sama-sama, na ga nas tana riƙe da hannun wani tsoho da ba ta jin yarensa har ya cika. Mutuwa tana da yawa a gidan, gaskiya ne, don ba sa korar mai mutuwa.

Ni da Inna muka tsara namu aikin. In zuba mata ruwa da butarta in yi mata alwala, in juya gadon ya fuskanci alƙibla, ta yi salla da ishara. Bayan kowace salla sai mu yi bitar kalmar shahada, ina faɗa tana bi. Wani lokaci ta fito sarai, wani lokaci ta maƙale a tsakiya, ta ji haushi ta ce harshen nan ya zama na aro. In ce mu sake. Ta ce na cika naci, tun ina ƙarama haka nake. In ce a wurinta na gada.

Korona ba ta taɓa ta ba, duk gwajin da aka yi mata ya fito lafiya. Ciwonta na farko ne ya dawo. Wata rana bayan la'asar, an fara sassauta kulle har ana jin motoci a titi, na ga numfashinta ya canza. Na danna ƙararrawa. Likita ya zo ya duba, ya dube ni, na gane. Basudaniyar ta shigo ta ja labule, ta ce in cire gilashin in matsa kusa. Na sa bakina a kunnenta, hannuna cikin nata, na fara faɗa a hankali yadda muka saba. Na faɗa, na sake faɗa. Leɓenta ya motsa. Ta bi ni, da nauyi, da tsayawa a tsakiya, amma ta kai ƙarshe. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Da yake ba cutar ce ta ɗauke ta ba, an bar ni na yi mata wanka. Alhajin ofishinmu da 'yan mutane kaɗan da doka ta yarda suka kai ta maƙabartar nan ta kusa, wadda Yaya yake tsoro. Ni na koma fulat da jakata da buta.

Washegari na buɗe waya. Guruf ya cika. Wata ta sanar da rasuwar mahaifiyar yarinyar nan ta ofishin kago. Matar Yaya ta sanar da rasuwar surukarta. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta sanar da rasuwar Innar gidan mai atamfa. A ƙarƙashinsu wata baiwar Allah ta rubuta cewa jama'a a yi hattara da gidan nan na Al Qusais, jiya ma mutum uku.

Ban tsaya rubutu ba. Na danna saƙon murya na yi magana da bakina. Na ce, "Ba uku ba ne, ɗaya ce. Uwata ce. Kuma ina riƙe da ita."

Ban ajiye wayar ba sai ga kiran Yaya, na farko tun ranar da na tsaya a bakin titi. Na ɗauka na shirya, don na ce na ɗauka a wuyana, kuma ban janye ba. Muka yi wa juna gaisuwa.

Ya ce, "Auta, ta samu kalmar?"

Na ce, "Ta samu, Yaya. Har ƙarshe."

Sai na ji babban mutum, ɗan farin Inna, ya fashe da kuka kamar yaro, yana cewa alhamdulillah, alhamdulillah. Na bar shi ya yi, ina riƙe da wayar a kunnena.